Ruwan Goron Hajiya

Har yau idan na ga tsani a jingine da bango sai na kauce masa. Masu yi mini aiki sun san haka, shi ya sa idan surutuna ya ishe su sai su haye sama gaba ɗaya, su bar ni a ƙasa ina yi wa ƙafafunsu magana.

Da ba haka nake ba. Babana ɗan kwangilar fenti ne a Parakou, shaguna da ofisoshi da manyan ɗakunan ajiya na wajen Gare, tashar jirgin ƙasa, da yawa hannunsa ne a jikinsu. Ina ƙarama tsaninsa ne abin wasana. Ranar da ya faɗo kuwa ina wurin, na kai masa abincin rana. Ƙafar tsanin ta zame a kan jiƙaƙƙen siminti, bokitin ya riga shi isowa ƙasa, kuma ƙarar bokitin nan ce har yanzu take tashi a kunnena. Allah ya sa da sauran kwana. Ƙugunsa ne ya karye, yanzu yana zaune a tsakar gidanmu a unguwar Ladjifarani yana nuna mini duniya da sanda.

Aikin ya dawo hannuna don ni nake rubuta masa takardu tun ina kwaleji. Ma'aikatansa biyar ne, babbansu wani dattijo da muke ce wa Kawu, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Shi kuma 'yar lekol yake kirana, wato 'yar boko, ko a gaban baƙi. Bai ɓoye mini ba: ya ce saboda Baba za su yi aiki ɗaya da ni su gani. In ya yi kyau su zauna, in bai yi ba akwai wani ɗan kwangila da ya daɗe yana kiransu. Ni kuma na san in suka tafi, abin da zai rage mini bokitai ne da sunan Baba a jikin ƙofa.

Aikin gwajin nan daga Djougou ya zo. Wata Hajiya ce mai sayar da goro tun kaka da kakanni, ta gina bene, shaguna a ƙasa, ɗakunan fatake a sama. A waya muka yi magana. Na tambaye ta launin da take so a waje, ta ce ruwan goro, ta kashe wayarta. Ban ga abin tambaya ba. Ruwan goro ai kowa ya san shi. Na rubuta shi da Faransanci a takarda da kyakkyawan rubutuna, na je na sa aka haɗa mini fenti mai kama da ɓawon lemon zaƙi in ya nuna sosai.

Ranar tafiya Kawu ya buɗe bokiti ɗaya, ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni ko ita da bakinta ta ce wannan. Na ce masa launuka dai an koya mana su a makaranta. Ya ce to, ya mayar da murfi, ya sa aka loda a mota. Sai daga baya na gane irin to ɗin da ya yi mini.

Hajiya ta yi tafiya lokacin da muka isa, sai muka kama aiki. Kwana uku muka gama gaban benen tun daga sama har ƙasa. Ni ina ƙasa da takarda da alƙalami, ina dubawa kamar na san abin da nake dubawa. Masu zem, 'yan acaɓarmu, da ke wucewa har rage gudu suke yi. Na ɗauka kyau ne ya kama su.

Rana ta huɗu da hantsi ta iso. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, fara, da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa idonta yana kan bango. Sai ta nuna shi da carbinta.

"'Yata, me kika ce sunan wannan?"

"Ruwan goro, Hajiya."

"Wannan ruwan goron da aka tauna aka tofar ne. Ni goro nake sayarwa, ba tofi ba."

Ma'aikatan nan duk suka sami abin yi a cikin bokitansu. Kawu kuwa ya juya baya, amma kafaɗunsa suna rawa.

Ta sa aka kawo mata huhu daga shago, ta buɗe ganyen da kanta, ta zaɓo jan goro guda, babba, fatarsa sumul tana sheƙi, ja mai taushi da ya ɗan karkata wajen furen albasa. Ta ce a gidansu wannan ake nufi. Abin da mutanen gari suke kira ruwan goro, in ji ta, sunan da masu ci suka sa ne, su kuma masu ci ba sa kallon goro sai ya fito daga bakinsu. Ta ba ni kwana ɗaya in kawo mata launin, in ba haka ba ta san inda ake samun masu fenti a Djougou.

Na ja Kawu gefe na tambaye shi dalilin da ya yi shiru tun a Parakou. Ya ce shi bai je lekol ba, ina shi ina gyara wa masu takarda magana. Na haɗiye. Na ce masa to yanzu 'yar lekol ta tuba, a koya mata. Ya ɗan dube ni, sannan ya aika aka sayo farin fenti da 'yan kwalaben launi, ja da shuɗi. Ya ce sai mun fara rufe wani wuri da fari, don launin farko yana leƙowa ta ƙarƙashin na biyu kamar tsohon laifi. Yinin nan muka yi muna ɗiga ja, muna ɗiga shuɗi, muna motsawa da sanda, goron yana kan murfin bokiti kamar alƙali. Da yamma ya hau ya shafa gwaji a saman bene, tsakanin tagogi biyu, inda rana take bugawa, don daga titi nan ake gani.

Washegari Hajiya ta zo ta sa aka ajiye mata kujera a bakin titi. Ta ce gwajinta mai sauƙi ne: a hau da goro a manna shi a jikin fentin, in ya ɓace mata daga inda take zaune, an dace. Kawu ya miƙa hannu zai karɓa, ta janye nata. Ta ce namiji da goro a hannu, kafin ya kai sama ya gutsura. Wadda ta yi ɓarnar ita za ta hau.

Na buɗe baki in ce ba na hawa, sai na ga mutum biyar suna kallona. Na san in na faɗa, sai dai in koma Parakou ni da bokitai.

Ban tuna matakan farko ba. Na tuna dai na ɗaure goron a bakin zanena, na tuna sanyin ƙarfe a tafin hannuna, da ƙarar bokitin Baba a kunnena a kowane mataki. Da na kai katakon da suke tsayawa a kai sai na hau da rarrafe na rungume sandar gefe. Na kwance goron na kai shi jikin bango. Wallahi ban ga komai ba. Idona yana ruwa, bango yana lilo, goron ya zama biyu. Sai na ji a raina bai yi daidai ba, kuma in bai yi ba gobe ma sai na sake hawa.

A gefen gwiwata akwai gwangwanin gwajin da Kawu ya bari jiya, da ɗan saura a ciki. Na juya wa titi baya kamar mai gyara ɗankwali, na tsoma yatsa, na shafe goron nan tas. Daga ƙasa aka tambayi abin da nake jira. Na ce jiri nake ji, a ba ni lokaci, kuma wannan kam gaskiya ce. Fentin ruwa ne, rana tana da zafi, kafin jirin ya lafa ya bushe. Na ɗaga shi na manna a bango.

Hajiya ta kare idonta da hannu. Ta ce ba ta ga goro ba, yatsuna kawai take gani. Ma'aikata suka fara murna. Ni kuwa sai a lokacin na tuna akwai sauka.

Na daɗe a can. Kawu ne ya zo ya dafe tsanin da hannu biyu, ya taka ƙafarsa da tasa, ya ce kar in dubi ƙasa, in dubi fentina. Yana ƙirga mini matakai a hankali har na ji ƙasa. Na zauna daɓas a cikin ƙura.

Sai Hajiya ta miƙo hannu ta ce in ba ta goronta.

Na ba ta, na ɓoye yatsan a cikin zane. Ta juya shi, ta shinshina, ta dube ni. Sannan ta sa farce ta kankare fentin daga rabi guda, ta ɗaga shi a rana, ta daɗe tana kallon ɓangaren da aka shafa da wanda ta kankare. Ta kira Kawu ya duba. Shi ma ya kasa nuna inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

"Kin yi maguɗi a jarrabawar da kin riga kin ci," in ji ta. "A lekol ɗin haka aka koya muku?"

Na ce a'a Hajiya, wannan a sama na koyo.

Ta miƙa wa Kawu goron ta ce ga tukuicinsa, tunda ya ga ɓarna tun daga Parakou ya yi shiru. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa a aljihu. Ta ce a shafe mata benen duka da wannan, in an gama akwai ɗakin ajiyarta a hanyar Kolokondé, shi kuma fari take so, kuma kafin in rubuta komai in zo ta nuna mini wane fari.

A mota muna dawowa Kawu bai ce sun zauna ba, ni ma ban tambaya ba. Ya dai ce kafin aikin ɗakin ajiya sai an sa wa ƙafafun tsanin nan roba, kuma daga yau duk launin da aka faɗa a waya sai an kawo abin da kansa an ajiye a kan murfin bokiti. Na ciro takarda zan rubuta. Ya karɓi alƙalamin ya riƙe mini har muka shiga Parakou.

Da na ba Baba labari ya yi dariya har ƙugun ya motsa, ya koma salati. Da ya huta sai ya tambaye ni wa ya riƙe tsanin. Na ce Kawu. Ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya ce a kawo masa abinci.