Turawan da Na Liƙa a Fim Ɗin Taki

A shekarun da arzikin man fetur ya sa gwamnati rabon takin zamani kamar sadaka, ni ne mai haska majigi na ofishin gona a Kazaure. Fim ɗaya tal gare mu, labarin manoma biyu: ɗaya ya zuba taki ya cika rumbu, ɗaya ya ƙi ya sha yunwa. Ni ke riƙe lasifika ina bayani. Mutanen Roni sun haddace shi har suna riga ni magana, kafin a kai rabi kuma sun watse.

Girman kai ya hana ni haƙuri. Wani mai gyaran inji a Kano ya ba ni guntun fim na wasu Turawa makaɗa, gashi har gadon baya, suna dukan garayar lantarki, suna kaɗa kai, suna ihu kamar kunama ta harbe su, hayaƙi na tashi a bayansu. Na sa almakashi, na liƙa su daidai inda manomin kirki ya gama watsa taki. A wautata, murnar girbi ke nan.

A wani ƙauye bayan Gwiwa na fara haskawa. Manomi ya watsa taki, ya karkaɗe hannu, sai ga ƙattin nan sun cika farin ƙyalle. Mata suka ja da baya suna a'uziyya.

Mai gari ya ɗaga sanda. "Malam mai majigi, su wane ne waɗannan?"

"Ranka ya daɗe, masu murna ne."

"Murna? Har wancan mai birgima a ƙasa?"

Wani dattijo ya ce, "Ai daga gonar suka fito. A kan idona. Yana watsa farin abin nan suka tashi."

A nan ya kamata in ce aikin almakashina ne. Amma malamin gona, shugabana da muka zo tare, yana sharar barci a mota, kamar kullum, kuma da ya ji na yanka fim ɗin hukuma, kora ce. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, haka ya zo daga sama." Na sa gwamnati ta yi shaida da bakina ke nan.

Da motar taki ta zo, mai gari ya sa aka juya ta. "A gaishe da hukuma," in ji shi. "Kashin shanunmu bai taɓa tayar mana da kowa ba."

Shekarar nan rumbunansu ba su kai na maƙwabta ba. Ofis ya yanke cewa mutanen wurin ba su waye ba. Ina zaune aka faɗa, har na gyaɗa kai. Allah ya yafe mini.