Shekarar da Umma Ta Rufe Ƙofar Kicin

Wata Asabar ce a shekarar 1996, ina aji shida na firamare, Baba ya shigo gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da hantsi yana riƙe da galan ɗin kananzir, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, takalminsa ɗaya ya tsinke a turereniyar gidan mai. Tun asuba yake layi, amma abin da ya samo bai kai rabin galan ba. Ya dire shi gaban Umma ya ce ta zaɓa, ko risho ko fitila, don ba zai ishi biyun ba. Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba, ta ce fitila, ai Hajara na da jarrabawar shiga sakandare. Ni ce Hajarar, kuma na tuna har wani ɗaga kai na yi ina kallon ƙannena ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin mulkin soja ne, ƙasashen waje sun sa wa ƙasar nan takunkumi. Kullum bayan la'asar sai an yi musu a dakalin ƙofar gidanmu. Baba, da yake ma'aikacin gwamnati ne, yana cewa takunkumin ne ya hana a kawo kayan gyaran matatun mai, wani abokinsa direba kuma yana cewa babu wani takunkumi, ɓarayin cikin gida ne kawai. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya ba. Abin da na sani shi ne ƙasarmu tana sayar wa duniya mai, mu kuma mun ɗaga risho mun ɗora a kan kabad, wutar lantarki ta koma baƙuwa.

Murhun garin katako ne ya maye gurbin risho, kuma mu yara daɗi muka ji. Mukan ɗauki buhu mu tafi wajen 'yan katako a Tarauni, mu yi ta kokawa a kan tsibin garin har sai an kore mu, mu dawo kanmu fari fat. Danƙara murhun aikina ne. Gwangwani ne babba mai rami a gefe, sai in tsayar da kwalba a tsakiya, in zuba garin, in daddanne shi da taɓarya, sannan in zare kwalbar a hankali don hanyar wuta ta fito. Idan ya kama, ya kama ke nan har tuwo ya nuna. Aibinsa ɗaya, hayaƙi, mai kauri, mai shiga ido da tufafi. Umma kuwa tana da asma tun tana budurwa, shi ya sa ta fito da murhun tsakar gida inda iska za ta kwashe hayaƙin. Ko a hakan tana girki tana tari, mu kuma muna gefe muna 'yar carafke.

Igiyar shanyarmu a tsakar gidan take. Wata Litinin a layin asambuli wata yarinya, wadda babanta ke da gidan mai, ta sunsuni hijabina ta ce wa na bayanta ina warin ƙauye. Aka yi dariya, ta bi layi har aji huɗu. Na dawo gida ina huci, na cire kayan makarantar na watsar a gaban Umma, na ce ni ba zan ƙara zuwa ba in dai haka za a riƙa turara mini kaya kamar 'yar mai ƙosai. Na ɗauka duka zan sha. Sai kawai ta tsince kayan ta wanke da sabulunta na wanka.

Washegari na tarar ta mayar da murhun cikin kicin, ɗan ɗakin nan mai taga ɗaya kamar tafin hannu, ta kuma ja ƙofa ta rufe. Hayaƙin ya daina isa igiya. Daga waje muna jin tarinta, wani lokaci ya yi tsawo har mu dakata da wasa, sannan mu ji ƙarar muciya ta ci gaba. Baba yana ofis a lokacin girki, bai taɓa gani ba. Ni na gani, na kuma san dalili, amma hijabina ya koma ƙamshin sabulu, an daina yi mini dariya, sai na yi shiru. Wannan shirun ne yake damuna fiye da maganar da na faɗa, domin maganar sau ɗaya na yi ta, shirun kuwa kullum nake sabunta shi har muka yi jarrabawa. Na ci, na ci da kyau ma. Ranar da sakamako ya fito Umma tana kwance a asibiti da roba a hanci, a can aka kai mata labari, ta ɗaga hannu tana murmushi.

Yanzu tana zaune tare da ni a Tarauni, ina girki da gas, ba ta kuma taɓa komawa yadda take a da ba. Daga ɗakinta zuwa falo sai ta tsaya ta huta, abin shaƙarta ɗaure a bakin mayafi. Idan na ji a rediyo an sa wa wata ƙasa mai arzikin mai takunkumi, masana suna ta bayanin farashin ganga, ni hankalina yakan tafi ga matan can ne, ina tunanin da me za su dafa abincin rana. Ina kewar tsakar gidan nan da tsibin garin katako, kuma ina jin kunyar kewar.

Kwanakin baya ina shafa mata mai a ƙirji na yi ƙarfin hali na tambaye ta me ya sa ta riƙa rufe ƙofar. Ta ja numfashi ta ce, "Iska ce ke kashe mini wuta, Hajara."

Na ce to, Umma. Mu biyun mun san iska ba ta kashe wannan murhun.