Takalmin Maharbin Talotalo

Mahaifina maharbi ne tun kafin a haife ni. Ba sana'arsa ba ce, dukanci yake yi a cikin gari, amma in damina ta ja baya, ciyawa ta fara kwantawa, to duk Asabar yana fadamar bayan Tirwun da bindigarsa ta gargajiya, shi da abokansa, suna bin zabin daji da fakara. A wannan fitar yake ganin kansa mutum. Sauran kwanakin mako jiran Asabar kawai yake yi.

Shekarar da nake ba da labari yanar ido ta riga ta fara rufe masa gani, amma wa ya isa ya faɗa masa? Gidaje kuma sun ci rabin dajin. Wata safiya ya hango abu yana motsi a gindin kargo, ya ɗana, ya saki. Da aka je ɗaukowa sai ga talotalon wani ma'aikaci da ya tare a sabon gida, ƙato, yana shure-shure. Sai da aka wuni ana ba mai shi haƙuri. Kafin Magariba labari ya riga mu isa unguwa, har yara suna yi masa kukan talotalo in ya wuce masallaci.

Baba bai taɓa yarda idonsa ne ba. Wai takalminsa ne ya yi yoyo, sanyi ya shiga ƙafarsa, ya hau har hannu.

"In na sami takalmin kirki, za su ga aiki," in ji shi.

Ni lokacin ina da iyali a Gwallameji, ina da babur, don haka ni ne direba. Ranar Alhamis na kai shi kasuwa wajen masu takalmin ruwa, irin na roba mai dogon wuya. Can muka tarar da amininsa, jagoran maharban, wanda muke kira Baffa. Tare suka yi ƙuruciya, tuwon gidanmu kuwa ya ci ba adadi. Wai ya zo taya mutuminsa zaɓe.

Kai, ranar na ga zaɓe! Baba ya ɗauki wannan ya lanƙwasa wuyansa, ya saurara ko robar za ta yi ƙara. Ya shinshina wancan ya ce tsohuwar roba ce aka shafa wa mai. Ya zura hannu ciki yana lalubar inda tafin ya haɗu da jiki, don a nan ruwa ke fara sata. Na gwanjo ya ƙi, masu sheƙi ya ƙi. Daga ƙarshe ya sa aka kawo bokiti, ya cika wani baƙi mai kaurin tafi da ruwa, ya ɗaga shi sama yana shafa gindinsa da tafin hannu, tunda idon ba zai nuna masa ɗigo ba. Mai shago har ya gaji ya koma ya zauna.

Baffa kuwa sai zuga shi yake yi. "Wannan shi ne, mutumina. Da wannan ko talotalon cikin keji bai tsira ba."

Mutane suka kwashe da dariya, Baba ma ya taya su, don a zatonsa wasan abokai ne. Ni dai na ga yadda Baffa ya ƙyafta wa mai shago ido, raina ya ɓaci, na yi tsaki na kau da kai. Da za mu rabu Baffa ya ce wa Baba, "Asabar bayan Asuba, a gindin tsamiyar nan tamu. Kada ka makara."

Ba mu makara ba. Gari bai gama wayewa ba muna gindin tsamiya, Baba cikin sabon takalmi da safa mai kauri, bindiga a kafaɗa. Aka fara yayyafi. Masu zuwa gona suka wuce, masu keke suka fara jigila, rana ta ɗago a bayan hadari. Ba kowa. Wani manomi da ya san su ya tsaya ya gaishe mu, ya ce ai maharba yau ta Inkil suka bi, tun jiya ya ji suna shirya hakan.

Na ce, "Baba, mu tafi gida."

Ya taka zuwa wata kwata da ruwa ya taru, ya shiga har ƙwauri, ya tsaya a ciki kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Ka gani? Ko ɗigo." Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A gida ya ƙi cire takalmin. In ya yi salla sai ya mayar, ya koma zaure ya zauna. Bayan La'asar sai ga sallamar Baffa, wandonsa duk taɓo, da ƙunshi a leda. Ya ajiye a gaban Baba ya buɗe: wuyan zabo da ƙafafu. Maharban nan ba sa ce wa mutum ya tsufa. In sun yanke shawarar ajiye shi, sai su kawo masa wannan, kason masu zaman gida, kuma daga ranar ba ya sake bin su. Baba ya san haka sarai, don shi ma ya sha kai wa wasu. Ya lalubi ledar, ya gane abin da ke ciki, ya ce, "Madalla. Allah ya ƙara sa'a."

Na ɗauka an gama. Ashe da saura. Baffa ya dubi ƙafar Baba ya yi murmushi.

"Mutumina, nawa ya fashe yau a fadama. Ka san dai kayan daji ba sa kwana wajen mai zaman gida."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Baffa, ba ka ji kunya ba? Abokin kuka ake ɓoye wa mutuwa? Ka tsaya a kasuwa kana..."

"Rufe mini baki," in ji Baba. "Da ubanka kake magana. Zo ka cire mini."

Bayansa ba ya sunkuyawa sosai, dole ni na durƙusa na ja, ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya karɓa, ya buga su a ƙasa taɓon ya zube, ya saƙale a hammata. Ko godiya bai yi ba, ya nufi ƙofa.

Baba ya ɗaga murya daga inda yake zaune, da safa kawai a ƙafarsa. "In ka dawo ka riƙa kifa shi a inuwa. Rana tana fasa roba."

Baffa bai ko waiwayo ba.