Yadda Na'Allah Ya Raba Cikin Motar Hajiya Uwale

Na'Allah makanike ya shekara ashirin da uku a bayan tashar Dakoro yana gyaran bwat, wato akwatin ƙarfen nan da ke canza wa mota gudu. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. A Maradi ya koyi aiki, ya dawo gida da guduma biyu da ra'ayi guda, cewa motar da ke tsaye ba ta da bukatar kayan cikinta.

Kayan bwat ba sa samuwa a Dakoro. Sai an aika Maradi, Maradi ta aika Kano, wani lokaci a kawo abin da ba shi aka nema ba. Saboda haka Na'Allah ya ɓullo da abin da yake kira aro. In mota tana jiran kaya, wata kuma ta zo da gaggawa, sai ya buɗe mai jiran ya ciri abin da mai gaggawar ke so. Ba ya tambayar mai motar, don a cewarsa tambaya tana tayar wa mutum da hankali a banza.

A watan Afrilun bara Hajiya Uwale mai sayen wake ta kawo tsohuwar motarta kat-kat. Pinyon guda ne ya karye, ɗan ƙarfen nan mai haƙora. Ta gaya masa sarai tana son motar kafin kaka, domin da ita take kwaso wake daga Sabon Maci, kuma wanda ya makara mako guda zai tarar manoma sun sayar wa wani. Na'Allah ya ce ta ɗauka an gama.

Pinyon ya iso ranar uku ga Oktoba. Hajiya ta zo da kanta, ta zauna a benci, ta ce a buɗe a gabanta. Ina wurin, don ofishin ƙungiyar direbobi da nake yi wa aikin rubutu yana kallon garejin. Da aka buɗe bwat ɗin, abin da ke ciki shi ne tsumma, da ƙusa biyu, da gidan zanzaro.

"Na'Allah, ina cikin motata?"

"Yana nan lafiya lau, Hajiya. Yana aiki."

Sai ya shiga jero mata, kuma a nan dole a yaba masa, bai manta ko ɗaya ba. Sandar bwat ɗin tana motar Jimrau mai zuwa Bader Goula. Pinyon biyu suna motar Yazidu mai zuwa Birnin Lalle. Haka ya bi har motoci bakwai, yana ɗaga yatsa kamar mai faɗin inda ya aurar da ƴaƴansa.

Aka kira direbobin. Jimrau ya rantse shi an ce masa sandar sabuwa ce daga Kano. Na'Allah ya duƙa yana neman wani abu a ƙasa. Hajiya ta tambayi kwana nawa za a yi kafin a tattaro kayanta a haɗa. Aka ce wata guda, in babu abin da ya lalace. Wake kuwa ya riga ya fara shiga kasuwa.

Ba ta je komisariya wurin ƴan sanda ba. Ta sa na rubuta mata sunayen bakwai ɗin, washegari da safe ta tsaya a bakin tasha da takardar a hannu.

"Ƴaƴana, duk wanda ƙarfena ke cikin motarsa, ko ya ciro mini shi yau, ko ya kwaso mini wake sau biyu a mako har kaka ta ƙare."

Ba wanda ya ciro. Yazidu ya yi ƙoƙarin cewa nasa ƙarfen ƙarami ne, sau ɗaya ya isa. Ta ce to ya cire ƙaramin ya gwada tafiya.

A kakar nan waken Hajiya ya riga na kowa shiga rumbu. Har yau ba ta amsa gaisuwar Na'Allah. Shi kuwa yana gaya wa duk wanda ya zauna a bencinsa cewa mota ɗaya ta kawo masa ya mayar mata da ita bakwai, amma ko na gode ba ta ce ba.