Taguwar Kaka da Tsohuwar Kwamfutata

Abu ɗaya ya rage mana na kakata Hajjo, shi ne muryarta. Ba mu da hotonta, ɗakinta ma damina ta daɗe da rushe shi. Muryar kuwa tana cikin wata tsohuwar kwamfuta tawa, kuma bara saura ƙiris in rasa ta.

A wani ƙauye kusa da Gangara muka tashi. In an gama girbi, gero ya shiga rumbu, sanyi ya fara cizo, Kaka takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan isha'i. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa da ƴar gyaɗarsa yana turawa cikin toka. Ni ne abokin tsokanarta. "Kai maigida," takan ce mini, "miji har miji, cefane babu, sai cinye mini gyaɗa." Ba ta fara tatsuniya sai ta ga dama. In ta shirya sai ta gyara zama ta ce, "To, ga baƙuwa ta iso, ina za ta sauka?" Mu haɗa baki mu ce, "Ta sauka a kunnenmu!"

Shekarar da Kawu Ila ya dawo daga ci-rani da rakoda, ya kawo ta ya ajiye gaban Kaka. Ta dube ta a kaikaice. "Wannan akwatin, in ya haɗiye mini murya, gobe da me zan yi wa awaki faɗa?" Muka yi ta roƙo har ta yarda. A ranar ce ta ba mu labarin taguwa.

Wai wasu mutane ne rijiyarsu ta ƙafe, dole su tashi da asuba su kai ga ruwa kafin rana ta yi zafi. Dabbar kayansu ɗaya ce, wata tsohuwar taguwa. Raƙumi kuwa a gurfane ake yi masa kaya. Maigari ya ɗaura salkar ruwan da ya rage musu. Sai wannan ta zo da ƙwaryarta, ɗan wannan ai ba nauyi. Wancan ya zo da tabarmarsa, shi ma ba nauyi. Kaka tana kwaikwayon muryar kowa, har da ta matar da ta kawo kaza a akurki tana cewa ai kaza gashi ce kawai. Muka yi ta dariya. Da aka ce taguwa ta tashi, ta yunƙura ta koma. Aka daka mata tsawa, aka zabga mata bulala, a banza. Aka ce ta tsufa, a kawo wuƙa, ko nama a samu.

Nan Kaka ta tsaya tura kara cikin wuta, mu kuwa kamar mu yi kuka. Sannan ta yi muryar taguwa, can ƙasa-ƙasa: "Bayin Allah, ban ƙi kayanku ba. Tashin ne wahalata. Ku bar ni in miƙe tukuna, in ya so kowa ya rataya nasa." Aka sauke komai sai salka. Ta ɗaga baya, ta ɗaga gaba, ga ta tsaye. Suka rataya kayansu ɗaya bayan ɗaya, ta kai su ruwa, har da kazar.

Bayan rasuwar Kaka kaset ɗin ya zo hannuna. Da na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tanout, na sayi kwamfuta, na sa aka juye muryar a ciki. Allah ya taimake ni, don ba a jima ba rakoda ta tauna kaset ɗin ta yi masa kaca-kaca.

Kwamfutar ta tsufa tare da ni. In na kunna ta, sai in je in yi alwala, in yi salla, in dawo in tarar tana nan tana nishi. Bara Inna, mahaifiyata, ƴar Kaka ta fari, ta zo Tanout ganin likitan ido. Da yamma ta ce, "Malam, an ce uwata tana cikin akwatinka. Ina so in ji ta." Na kunna. Muka sha shayi har ya salance, abar ba ta gama tashi ba. Washegari na kai wa mai gyara a kasuwa. Ya ce, "Malam, wannan ta gaji. Sai dai a wanke ta tas a sake zuba mata komai. Abin da ke ciki kuwa ban yi maka alkawari ba." Na rungumi abata na dawo gida.

Na kunna ta, na ce ko za ta kai la'asar zan jira. Can ta buɗe, amma ko na danna ba ta amsawa. Ina kallo sai ga ƙananan manhajoji suna ta ɓullowa a gefe: ta hira, ta waƙa, wasannin da yarana suka zuba, har da ta wata firinta da ta mutu tuntuni. Kowa ya zuba nasa yana ganin ba nauyi, kuma duk tare da ita suke farkawa. Wallahi cikin fargabar nan sai da dariya ta kama ni. Da ƙyar, in danna in jira, in danna in jira, na shiga wurin da ake zaɓar abin da zai tashi tare da ita. Ban goge komai ba, na dai sa kowa ya jira sai an kira shi. Manhajar da ke tsare ta daga cuta kaɗai na bari. Na kashe, na yi bisimilla, na sake kunnawa.

Kafin in cika kofin shayi ta buɗe. Kai! Ajiyar zuciyar da na yi har matata sai da ta leƙo. Ban yi komai ba sai da na juye muryar a wayata, na kuma tura wa ƙannena.

Ina yaro na ɗauka labarin na masu son banza ne. Yanzu na ga na tsofaffi ne. Sau da yawa ba ƙarfinsu ne ya ƙare ba, mu ne ba ma bari su miƙe kafin mu ɗora musu buƙatunmu.

Na kai wa Inna wayar inda take zaune kan tabarma. Muryar Kaka ta cika ɗakin, ga ƙarar wuta, ga dariyarmu. Inna ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba. Sannan ta share ido da bakin mayafi.

"Ji ta da ƙarfinta," in ji ta. "Malam, ai shekarunta na lokacin nan na wuce su, yanzu na girme ta. Sake sa mini."