Yadda Aka Cusa Fuskar Baba a Da'ira

A shekarun da na yi ina karanta labarai da sanarwa a gidan talabijin a Abuja, na ga abubuwa da yawa, kuma yawancinsu sun shuɗe daga raina. Wannan guda kam ba zai fita ba, ko da na so. Wata Talata ce da hantsi, cikin damina, a wani shagon buga fosta da katin biki da ke saman bene. Mu uku ne a gaban kwamfuta: ni, da maƙwabcina, da mai shagon.

Maƙwabcin nawa ma'aikacin gwamnati ne. Kowa a layinmu Darakta yake ce masa, domin da haka ya gabatar da kansa ranar da ya tare, ko da yake daga baya na ji cewa da sauran tafiya tsakaninsa da wannan kujera. Mutum ne da ko shara zai fitar sai ya kafa hula ya fesa turare. Mahaifinsa ne ya ɓata. An kawo tsohon daga ƙauye ganin likita saboda mantuwar tsufa, aka kuma ɗora shi a kan maganin hawan jini, likita ya ja kunne kada a tsallake shan sa. Wata rana tsohon ya fita sallar asuba bai dawo ba. Da aka kwana babu labari, Darakta ya buga min ƙofa ya ce in raka shi mu haɗa cigiya, tunda sana'ata ce.

Na san tsohon, kullum mukan gaisa a bakin masallaci. Dogo ne siriri, fuskarsa doguwa, kumatu sun lotsa, da tsagar gado a kowane kunci da ɗan farin gemu. Hoto ɗaya ne a wayar Darakta, wanda aka ɗauka ranar da aka kawo shi, yana tsaye a ƙofar gida. Hoton ba shi da ado ko kaɗan, amma wanda duk ya gan shi ya ga mutumin.

Mai shagon ya fara yi mana abin da ya kamata: hoto a sama, bayani a ƙasa. Darakta ya yatsine fuska. Idonsa ya kai kan wata fosta da ke bango, irin ta taya murnar naɗin sarauta, wadda aka sa fuskar mai bikin cikin da'ira mai bakin zinare. Ya nuna ta da mukullin mota ya ce, "Irin wannan za ka yi min."

Mai shagon ya ce, "Oga, hoton dogo ne, wurin kuma zagaye. Ko mu rage shi a samu fili gefe da gefe, ko mu yanke hula."

"Ba a yanke wa ubana hula. Fili kuma na mene ne? A cika wurin."

"Ba wahala, oga. Zan ja shi ya cika."

Ya danna wani abu a manhajar gyaran hoton, sai ga layuka sun sauko kan fuskar tsohon kamar an jefa masa raga, da ɗigo a duk inda layi ya gitta layi. Ya kama ɗigon da ke kuncin dama ya ja shi zuwa bakin da'irar. Kuncin ya bi shi kamar ƙullin fulawa. Ya kama na hagu ya yi haka. Ya danne hular daga sama ta zauna, ya tura gemun daga ƙasa ya baje. Darakta ya sunkuyo a kafaɗarsa yana ba da umarni kamar mai kula da kwangila: "Ja nan. Ƙara ja. Yauwa, nan ma."

A wurin aikinmu, abu na farko da ake koya wa mutum game da hoto shi ne, in za ka ƙara masa girma, daga kusurwa ake ja, tsawo da faɗi su tafi tare. Wannan raga kuwa an yi ta ne don a naɗa rubutu a jikin kwalba ko a lanƙwasa tambari a kan tuta. Ba a yi ta don fuskar mutumin da ake nema ba. Ina tsaye ina kallo, tsohon da na sani ya kumbura ya koma wani ƙosasshen attajiri mai faffaɗan hanci da idanu nesa da juna.

Na ce, "Darakta, wannan fa ba Baba ba ne."

Ya juyo ya dube ni irin kallon da ake yi wa masinja in ya sa baki a taro. Ya ce, "Malam, kai murya ce aikinka, ka bar mana hoto. Fostar nan duk ma'aikatarmu za su gan ta. Babban sakatare zai gan ta. So kake a ce ina zaune a Abuja ubana yana yawo a rame kamar ba a ba shi abinci?"

"So nake a gan shi."

"Za a gan shi. Ba ga sunana a ƙasa ba?"

Sunan nasa yana ƙasa kam, da haruffan da suka fi na mahaifinsa girma. Saura tsagar kumatu. Da aka ja fuskar sai ta miƙe gefe kamar gashin bakin kyanwa, Darakta ya ce a goge. Aka goge. Layin da na rubuta cewa tsohon yana da mantuwa kuma silifa ne a ƙafarsa, shi ma ya ce a cire, wai tonon silili ne. Mai shagon ya jingina da kujera ya yaba aikinsa: "Oga, ka gani? Baba ya zama sanata!" Suka tuntsire da dariya su biyu, a lokacin da ba wanda ya san inda tsohon ya kwana.

Na roƙe shi ya turo min hoton asali in kai tasharmu. Ya ƙi, ya turo mai da'ira. Ka'idarmu kuwa hoton da iyali suka bayar shi ake nunawa. Haka na zauna a gaban kyamara ina cewa dogo ne, siriri, mai tsage a kumatu, a bayana kuma ga wani mai kumatu kamar ya cika baki da tuwo. Na daɗe a aikin nan, na san in ido da kunne suka saɓa, ido mai kallo yake bi.

An liƙa fostar ko'ina, daga Karmo zuwa Kuchigoro har Mararaba. Waya kuma ta yi ta shigowa. Wani ya kira ya yi wa Darakta murna, ya ɗauka sarauta aka ba tsohon. Wani ya tambaya ko takarar kansila Alhajin zai tsaya. Wata daga ofishinsu ta kira ta yi ta'aziyya. Darakta ya riƙa ba ni labarin kiraye-kirayen nan da wani irin jin daɗi, wai fostar ta shiga gari. Wanda ya ce ya ga tsohon, babu ko ɗaya. Maganinsa kuwa yana nan a kan tebur, kullum matar Darakta sai ta kalle shi ta share hawaye.

Kusan mako ana haka sai ƙanwar Darakta ta iso daga gida, malamar firamare ce. Ina tsaye a waje lokacin da ta sauka daga keke-napep. Ta tsaya ta ƙura wa fostar da ke jikin ƙofar gidan ido.

"Yaya, wannan wane ne?"

"Baba mana."

"Baban wa?"

Ba ta tsaya jin bayaninsa ba. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta buɗe wayarta, ta zaro wani hoto da ta ɗauki tsohon a gona, da tsohuwar hularsa da tsagarsa da ramarsa, ta tura wa ƙungiyoyin 'yan garinsu da direbobin da ke jigilar hanyarsu. Kafin la'asar wani direba ya kira daga tashar Mararaba ya ce ai wannan tsohon kullum yana zaune a rumfar wata mai tuwo.

Muka tafi mu uku, ni da Darakta da ƙanwarsa. Muka same shi a kan benci, ya ƙara ramewa, ƙafafunsa sun kumbura, hannunsa na hagu a cinya kamar ba nasa ba. Ashe mota ya shiga yana cewa a kai shi gida, aka sauke shi a nan. Mai tuwon, wata dattijuwa 'yar Filato, ita ke ba shi abinci, a masallacin tasha yake kwana. Ta ce ta kai maganarsa wurin shugabannin tasha, sun tambaye shi garinsu, kullum sunan da yake faɗa daban. A jikin kwanon rumfarta, daidai saman kansa, ga fostar nan da da'irarta mai bakin zinare.

Darakta bai fara da godiya ba. Ya nuna fostar ya ce, "Ke ba ki ga wannan ba? Ga shi a kan rumfarki!"

Ta dubi fostar, ta dubi tsohon, ta dube shi. Ta ce, "Wannan Alhaji? Oga, kullum ni da Baba muna kallonshi. Baba ma yana yi mishi addu'a."

Tsohon ya ɗaga kai ya bi yatsan ɗansa da kallo. Ya ce a hankali, "Bawan Allah ne ya ɓata. Da gani mai hali ne. 'Ya'yansa suna can hankalinsu a tashe. Allah ya sa a gan shi."

'Yarsa ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa tana kuka. Darakta ya gyara zaman hularsa ya ce a yi sauri a shiga mota, mutane sun fara taruwa.

Abin da na koya a ranar ba game da kwamfuta ba ne, ita abin da aka ce ta yi ta yi. Na koyi cewa akwai mutanen da suka fi tsoron a ga asalinsu a kan su rasa shi, kuma irin waɗannan ba a bar musu ragamar abin da rai ya rataya a kai, komai kusancinsu da mai ran. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo min cigiya, sai na tambaye shi: in mai wannan hoton ya wuce ta gabana yanzu, zan gane shi? In ya yi jim, sai in ce ya kawo wani hoton.

A asibiti aka ce jinin ya hau ya taɓa ɓarin jikin tsohon. Hannun hagun bai sake aiki ba. Da aka sallame shi, 'yarsa ta tafi da shi gida, bai ƙara zuwa Abuja ba. Hoton mai da'ira kuwa Darakta ya sa an yi masa gilashi, yana nan rataye a falonsa, shi yake nuna wa baƙi in sun tambayi mahaifinsa.