Ranar da Inuwa Ya Wanke Hular Lauya

A unguwar Abbaganaram ta Maiduguri, ko wanda bai san fuskar Inuwa mai wankin hula ba ya san ƙarar bugunsa. Ubansa Bakano ne da ya zo Maiduguri fataucin fata, ya ji daɗin gari ya ƙi komawa. Shi kuwa Inuwa tun yana saurayi ya jera gumagumansa na ɗora hula a gindin wani dogonyaro da ke kusurwar filin Alhaji Babakura. Alhajin da bakinsa ya ce masa, "Zauna nan har ka gaji." Inuwa ya yi furfura a wurin, bai gaji ba.

Mutumin kirki ne, amma yana da ciwo ɗaya, ba ya iya ganin hula da dauɗa ya kau da kai. A masallacin Juma'a mutane na sauraren huɗuba, shi yana bin kawunan sahun gaba yana tsaki. Matarsa Saude takan ce da Allah ya yi ta hula, da ta more aure.

Da Alhaji ya rasu, magada suka sayar da filin ga wani mai son gina shaguna. Sabon mai fili ya aiko a ce wa Inuwa ya kwashe tarkacensa, za a sare bishiyar. Hankalin Inuwa ya tashi ƙwarai, don a gindinta ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'ya.

Cikin masu kawo masa wanki akwai Barista Dzarma, wani lauya mai ofis a unguwar Wulari. Inuwa ya kai masa kuka, ya kuma faɗa masa gaskiya cewa ba shi da abin biyan lauya. Suka shirya a kan zai riƙa wanke masa huluna kyauta har iyakar rai.

Dzarma, da ke kiransa Ba Inuwa irin girmamawar mutanen Barno, ya ce, "Ba Inuwa, kyautar baki wuyar tabbatarwa gare ta, amma za mu gwada. Ranar Talata zan roƙi kotu ta hana a taɓa bishiyar sai an gama shari'a. In an ba mu, ka samu sararin numfashi. In ba a ba mu ba, mai zarto na nan yana jira."

Ranar Litinin da hantsi Dzarma ya ajiye jakar wanki a gurguje ya wuce. Inuwa na zazzagewa sai ga hular gashin nan ta lauyoyi ta faɗo, an manta da ita a ciki. Ya ɗaga ta, ya shinshina, ya yi salati. Ta yi jawur, duk ta cukurkuɗe kamar jelar tsohuwar tunkiya. Bawan Allah bai san cewa a wajen lauyoyi tsufan hular nan shi ne adonta ba, da ita ake gane wanda ya daɗe a aiki. Tausayin Barista ya kama shi. Mutum yana yi maka shari'a kyauta, ka bar shi ya shiga gaban alƙali da wannan abin kunya?

Ya jiƙa ta, ya dirje ta da buroshi, ya warware nannaɗen gashin ɗaya bayan ɗaya, ya datse 'yan bindin nan na baya don ba su da amfani. Ya ɗirka mata sitaci, ya ɗora a gungume, ya buge ta har ta yi sheƙi, sannan ya yi mata kari irin na manyan Barno.

Da safen Talata ya miƙa wa Dzarma ita a ƙofar kotu, yana murmushi. Dzarma ya zaro ido, ya bazama neman wata. Kafin ya samu ta aro an kira ƙararsu, dole ya kifa ta a ka ya shiga. Ta tsaya masa ƙiƙam, fara fat, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Alƙaliyar ta dube shi ta saman tabarau. A ƙa'idar kotu, lauyan da shigarsa ba ta cika ba, ana ɗaukar kamar bai zo ba. Ta ce, "Barista, ba na ganinka."

Inuwa ya yi zumbur daga benci. "Ranki ya daɗe, ga shi nan a gabanki! Mai sabuwar hula!"

Kotu ta kwashe da dariya, har ɗan sandan ƙofa sai da ya dafa bango. Alƙaliya ta buga tebur, ta ɗage zama zuwa wata mai kamawa, ba tare da an saurari roƙonsu ba.

Kafin la'asar mai zarto ya gama aikinsa.

Dzarma ya iso Abbaganaram a fusace, ya tanadi maganganu masu zafi tun daga Wulari. Ya tarar da Inuwa zaune a kan kututture cikin rana, hannuwansa a kan gwiwa, idanunsa sun yi ja. Sai ya haɗiye abin da ya zo da shi, ya raɓa ya zauna kusa da shi.

Can Inuwa ya share ido da bakin riga. "Amma tsakani da Allah, Barista, ta fita ko ba ta fita ba?"

Dzarma ya yi ajiyar zuciya. "Ta fita, Ba Inuwa."